Bayan shanyewar ɓarin jiki, a auna tunani ma

 

Zancenmu na yau a kan ciwon shanyewar ɓarin jiki ne, wanda ma'aikatan lafiya na ƙasarmu suke kira AVC. Ba baƙon ciwo ba ne. Daga Birnin Ƙonni zuwa Tsarnawa, daga Malbaza zuwa Dogarawa, daga Illela zuwa Badagishiri, da wuya ku sami garin da bai taɓa ganin shi ba. Mutum ya kwanta lafiya lau, gari ya waye hannu ba ya ɗaguwa, baki ya karkace. In Allah ya sa da sauran kwana gaba, sai ya miƙe sannu a hankali. Masu zuwa gaisuwa kuwa tambayarsu ɗaya ce: "Ya fara takawa? Hannun yana motsi?" In an ce i, sai a ce alhamdu lillahi, ya warke.

To amma akwai wani rauni da ido ba ya gani. Shi ne raunin tunani. A kan shi za mu tsaya yau, da yadda ake auna shi.

Mi ke faruwa cikin kai?

Duk da hannu da ƙafa ake gani sun mutu, ciwon ba cikinsu yake ba. Cikin ƙwaƙwalwa yake.

Ku dubi gonakin ban ruwa na Ƙonni. Ruwa yana tasowa daga madatsun Mozage da Zango, ya bi babbar magudana, ya rabu cikin ƙanana, har ya kai ga kowane fage. In wata magudana ta toshe, fagagen da ke bayanta sai su bushe. In ta fashe, ruwa ya kwanta inda ba a so, ya kashe shuka. Haka jini yake cikin kai. Jijiya tana iya toshewa, tana kuma iya fashewa. Ko wanne ya faru, wani yanki na ƙwaƙwalwa ya rasa abincinsa ke nan, kuma cikin mintoci kaɗan yake fara mutuwa.

Likitocin Najeriya da Gana sun yi wani babban bincike da ake kira SIREN, har da asibitocin Kano da Zariya a ciki. A 2018 sunka bayyana cewa cikin masu wanga ciwo 100, wajen 68 toshewa ce, 32 fashewa. Sunka kuma tarar babban mai laifi shi ne hawan jini, wato tansiyo.

Kowane fage na ƙwaƙwalwa da aikinsa. Wani na motsa hannu. Wani na magana. Wani na riƙe abin da anka faɗa maka. Wani na shirya aiki, ya ce wannan za a fara yi, wancan ya biyo baya. Ɓangaren hagu na kai shi ke mulkin ɓarin dama na jiki, ɓangaren dama kuma shi ke mulkin hagu. Ga yawancin mutane magana tana ɓangaren hagu. Shi ya sa wanda damarsa ta shanye yakan rasa magana. Ke nan ƙafa tana iya warkewa, alhali fagen lissafi ko na tunawa yana nan bushe.

Ƙaƙa raunin yake bayyana?

Ba kowa iri ɗaya ba.

Wani mantuwa ce. Ya san sunan kakansa, yana iya ba ka labarin yunwar 1984 daki-daki, amma bai tuna ko ya karya kumallo yau ba. Kada wannan ya ruɗe ku. Tsohon abu yakan zauna daram, sabo ne ba ya kamuwa.

Wani hankalinsa ne ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ana salla sai raka'a ta ɓace masa. Ana hira sai ya ɓata a tsakiya.

Wani kuma shirin aiki ne ya wargaje, kuma wannan shi ya fi yawa bayan shanyewar jiki, shi ne kuma aka fi kasa ganewa. Ga mace da ta shekara 30 tana tuƙa tuwo. Hannunta ya dawo. Amma ta zuba gari kafin ruwa ya tafasa, ko ta ɗora tukunya ta manta da wuta. Ga ɗan kasuwar albasa da yake lissafin buhu 200 da ka. Yanzu canjin jika ɗaya ya gagare shi. Yana magana daidai, yana gaisawa daidai. Sai an zo wajen aiki ake ganin giɓi.

Akwai wani iri mai ban mamaki. Wanda ciwon ya taɓa ɓangaren dama na kansa yakan manta da duk abin da ke hagunsa. A ajiye masa akushi, ya cinye rabin dama, ya bar rabin hagu, ya ce abinci ya ƙare. Ya sa hannun riga ɗaya ya bar ɗayan. Ya bugi ƙyaure da kafaɗar hagu kullum. Idonsa na iya zama lafiya. Kai ne ba ya kula da wannan gefe. Sau da yawa shi kansa bai san da matsalar ba, har ya yi musu.

Wani hali ne ke sakewa. Mai haƙuri ya koma mai faɗa. Mai kuzari ya koma zaman shiru, ba ya son komi. Wani ya riƙa kuka ko dariya ba dalili.

A nan ne gida ke shiga rikici. Uwargida ta ce da gangan yake yi. Ɗiya su ce tsoho ya cika rigima. Maƙwabta su ce iska ce, ko sammu, ko ya taɓu. Ni dai a ganina babu zaluncin da ya kai a zagi mutum a kan raunin da ba shi ya sa wa kansa ba. Ba wanda zai ce wa gurgu ya yi gudu. To mai raunin tunani ma haka yake, sai dai nasa gurguncin a ɓoye yake.

Abin ba kaɗan ba ne

A 2014 likitoci a Ibadan ta Najeriya sunka bada sakamakon awon mutum 143, wata 3 bayan ciwon ya same su. Kusan rabinsu suna da raunin tunani. Ga yawancinsu raunin bai yi tsanani ba. Amma wajen 8 cikin 100 ya kai su ga ba su iya riƙe kansu sai da taimako. Wani nazari da anka yi a Ingila a 2009, wanda ya tattara binciken ƙasashe da yawa, ya nuna mutum 1 cikin 10 yana faɗawa cikin ciwon mantuwa mai tsanani bayan bugun farko. In ciwon ya sake dawowa, sai a sami fiye da 1 cikin 3.

Ku riƙe wannan lissafi na ƙarshe da kyau. Bugu na biyu ya fi na farko ɓarna. Abin da ke hana bugu na biyu kuwa shi ne shan maganin tansiyo kullum. Wa zai sha magani kullum in yana mantuwa, kuma ba wanda ya san yana mantuwa? An ba shi kwalin magani, an ce safe da dare. Ya ce to. Bayan mako biyu ko dai kwalin na nan cike, ko ya shanye na wata cikin kwana goma. Wanga dalili kaɗai ya isa a auna tunani.

Akwai kuma babur. Akwai kuɗin kasuwa. Akwai gona da wani mai wayo zai zo ya ce a sayar masa, a dangwala hannu. Akwai jika da ake bar wa kaka, ga wuta ga rijiya.

Mi ake nufi da awon tunani?

Ba allura ba ce. Ba a ɗibar jini. Ba hoto ba ne. Tambayoyi ne da ƴan ayyuka ƙanana, na minti 10 zuwa 15. Lokotoro ko ma'aikacin lafiya da ya koyi abin shi ke yi, ya bada maki.

Awon kamar rariya yake. Rariya ba ta gaya maka ko tsakuwa ce ko tsaki. Tana dai ware abin da ya kamata a duba. Wanda makinsa ya yi ƙasa ba a ce ya haukace ba. An ce dai a ƙara dubawa.

Wani awo da ya daɗe sunansa MMSE. A Amurka anka fito da shi a 1975. Maki 30 ne. Ana tambayar rana da wata da shekara, da sunan wurin da ake. Ana faɗin kalma 3 a ce ka riƙe. Ana cewa ka cire 7 daga 100, ka yi ta cirewa. Ana ba ka jimla ka karanta, a ce ka rubuta wata, ka kwaikwayi zane.

Na biyu sunansa MoCA. Wani likita, Ziad Nasreddine, ya shirya shi a birnin Montreal na Kanada, anka bayyana ingancinsa a 2005. Shi ma maki 30 ne, kuma 26 zuwa sama ake ɗauka lafiya. Ya fi na farko kama ƙaramin rauni, musamman na shirin aiki, don haka likitocin shanyewar jiki sun fi son shi. A ciki akwai riƙe kalma 5. Akwai zana agogo, a sa hannuwansa a ƙarfe 11 da minti 10. Akwai hoton dabbobi 3 da za ka faɗi sunansu: zaki, karkanda da raƙumi.

To ga inda gizo ke saƙa. Raƙumi kam ko yaro ya san shi a Adar. Amma karkanda fa? Cikinku wa ya taɓa ganin ta? Dattijon da bai taɓa riƙe fensir ba, ƙaƙa zai zana agogo? Shi da inuwa da kiran salla yake sanin lokaci, kuma ba ya kuskure. A tambaye shi watan nasara, ya yi shiru. A tambaye shi kwana nawa ya rage azumi, ya faɗa maka nan take. A ce ya cire 7 daga 100, ya ce mi ke nan? A ce masa ya sayi goro na dala 7 ya bada dala 20, kafin ka rufe baki ya ce canjinsa dala 13. Mutum irin wannan zai fāɗi awon takarda alhali kansa garau yake. Rashin boko ne ya kada shi, ba ciwo ba. Ku da kunka fara riƙe alƙalami da girmanku kun fi kowa sanin wannan. Kun tuna yadda hannu ke rawa a makon farko.

Masana sun lura da haka. Masu MoCA suna ƙara maki 1 ga wanda karatunsa bai wuce shekara 12 ba, amma maki 1 ba ya cike ramin. A 2015 anka fito da wani mai sauƙi domin waɗanda ba su yi karatu ba. A nan Afirka ma an yi aiki. Likitocin Ibadan sun shirya awo da tsinken ashana maimakon fensir: mai awo ya jera tsinke 4 cikin wata siffa, kai kuma ka jera irin ta. Daga baya anka sa wanga dabara cikin wani awo da ake kira IDEA, wanda anka fito da shi a Tanzaniya a 2014, anka kuma gwada shi a Najeriya. Tambayoyinsa irin namu ne. Mi ne ne gada? Wa ne ne maigarinku? Yau wace rana ce? Faɗi sunayen dabbobi iyakar iyawarka cikin minti ɗaya. Ana karanta maka kalma 10, can an jima a ce ka maido su. Sai jeren ashana. Ba karatu, ba rubutu.

Don haka in za a auna naku, ku gaya wa mai awo gaskiya tun farko: bai yi boko ba, ko allo ya yi, ko shekara ɗaya ya yi a yaƙi da jahilci. Ba abin kunya ba ne. Ku roƙa a yi da harshen da ya tashi da shi, Hausa ko Tamajaƙ ko Fulatanci ko Zabarmanci. In yana da tabarau, a zo da shi. In kunnensa ya yi nauyi, a faɗa. Wanda bai ji tambaya ba ba zai amsa daidai ba.

Haka nan wanda ciwon ya kama masa harshe. Yana iya sanin amsa sarai, kalmar ce ta ƙi fita. Mai awo da ya ƙware zai ba shi damar nunawa da hannu. A Ingila ma, a jami'ar Oxford, an shirya awo na musamman a 2015 domin irin waɗannan.

Yaushe, kuma ina?

A kwanakin farko kai a ruɗe yake. Ga zazzaɓi wani lokaci, ga rashin barci, ga baƙon wuri. Awon da anka yi a lokacin yana da amfani don a san irin taimakon da za a shirya a gida kafin sallama, amma ba shi ne hukuncin ƙarshe ba. Mutane da yawa suna samun sauƙi cikin watannin farko. Sai a sake awo bayan wata 3 zuwa 6. In daga baya kunka ga abin yana ƙaruwa, a koma.

Ku fara da gidan likita mafi kusa da ku, wato CSI, inda ake auna tansiyo. Daga nan ana turawa asibitin gunduma, kamar na Ƙonni. Akwai asibitin Galmi, wanda ke aiki tun 1950. Akwai babban asibitin Tawa. Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa kuwa sun fi yawa a Yamai, tafiyar kilomita 400 da ƴan kai daga Ƙonni. Ba kowa zai iya wannan tafiya ba, kuma ba kowa ke bukatar ta ba.

Ma'aikatan lafiya aiki ya yi masu yawa. Layi dogo ne. In ba ku tada zancen ba, ana iya duba hannu da ƙafa da tansiyo kawai a sallame ku. To ku buɗe baki. Ku ce: "Lokotoro, tun da ciwon ga ya same shi yana mantuwa. Don Allah a duba tunaninsa."

Aikinku, ku masu karatu

Mai awo yana ganin maras lafiya minti 15. Ku kuna ganin shi dare da rana. Shaidarku rabin awo ce. Shi ya sa ya kamata mai rakiya ya zama wanda ke kwana gida ɗaya da shi. Sau da yawa babban ɗa ne ke zuwa daga birni ya kai tsoho asibiti, a bar matar da ke ba shi abinci a gida. Ita ce ta san komi. A tafi da ita.

Ga kuma inda karatunku zai yi rana. Ku sami ƙaramin littafi. Duk abin da kunka gani, ku rubuta da kwanan wata, a taƙaice. "Talata, ya ɓata hanyar masallaci." "Alhamis, ta tambayi abu ɗaya sau biyar." "Asabar, ya gane baƙi duka, ya yi hira." Ku rubuta mai kyau da maras kyau. Ku rubuta kuma yadda yake kafin ciwon. In dama can ba shi da lissafi, ba ciwo ne ya ɗauke ba. Abin da lokotoro ke nema shi ne abin da ya sake.

Amma ina jan kunnenku. Kada ku mai da tsohonku abin gwaji a zaure. Kada a tara jama'a a riƙa ce masa: "Baba, wa ne ne wannan? Ka gane shi?" Wannan cin fuska ne. Dattijon da ya ji kunya sai ya rufe bakinsa, ya daina fita, kuma zaman kaɗaici yana ƙara dakushe tunani. In baƙo ya shigo, ku ce: "Baba, ga ƙanenka ya zo daga Tajaye." Kun ba shi amsa ba tare da kun kunyata shi ba.

Ku lura da baƙin ciki ma. Wajen mutum 1 cikin 3 na masu wanga ciwo suna shiga damuwa mai nauyi. Magidancin da ke ciyar da mutum 15, yau sai an ɗaga shi. Ba ya ci, ba ya barci, ba ya son magana, a tambaye shi ya ce bai sani ba. Sai a ɗauka mantuwa ce. Damuwa tana da magani, kuma in ta tafi, tunani yakan washe. Ku gaya wa lokotoro.

In awo ya nuna rauni

Babu ƙwayar da ke rayar da fagen da ya mutu. Duk mai yawo da magani a kasuwa da ya ce yana da ita, kuɗinku yake so. Amma ƙwaƙwalwa tana iya buɗe sababbin hanyoyi, fagen da ke kusa ya ɗauki wani abu na aikin wanda ya mutu. Maimaici ke kawo haka.

Mutum ɗaya a gida ya riƙe magani, shi ke badawa. Ku ɗaura shi da lokacin salla: bayan asuba, bayan isha'i, yadda anka rubuta. Ku ja layi a littafi duk lokacin da anka sha. Maganin tansiyo ba a barin shi don an ji sauƙi. Tansiyo da ya kai 14 da 9 ko ya wuce ya hau, ko da mutum ba ya jin komi. A rage gishiri da dunƙulen miya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babba a yini kada ya kai giram 5, wato bai cika ƙaramin cokali ɗaya ba. Taba a bar ta. Mai ciwon sukari ya riƙe nasa magani.

Ku yi masa magana ɗaya bayan ɗaya. Kada a ce: "Tashi ka yi alwala ka sa riga mu tafi." A ce tashi. In ya tashi, a faɗi na gaba. Buta da takalmi da tasbaha su zauna wuri ɗaya kullum. Mai manta hagu, ku riƙa zama ta hagunsa kuna yi masa hira, ku juya masa akushi, ku tuna masa ya waiwaya.

Kada a ƙwace masa aiki duka don tausayi. Ta tsince wake. Ya ɓare gyaɗa. Ya yi dara da abokansa. Ya maimaita surorin da ya haddace. In ɗan ajinmu ne, ya dawo aji ko da sauraro kawai zai yi. Binciken Ibadan ya nuna raunin ya fi kama masu ƙarancin karatu, kuma masana na ganin kan da ya saba aiki ya fi jure bugu.

Babur da mota kuwa a dakata sai lokotoro ya yarda, ko da ƙafa ta warke. Zancen sayar da gona ko dabbobi, kada a yi sai gaban amintattun dangi. Ba a hana shi dukiyarsa ba. A tambaye shi ra'ayinsa, a saurare shi, amma kada a bar shi shi kaɗai da mai saye.

In kuma wata rana kunka ga baki ya sake karkacewa, ko hannu ya saki, ko magana ta harɗe, ko ruɗewa ta zo farat ɗaya, wannan ba na jiran ranar awo ba ne. Ku nemi mota nan take, ko da alamar ta wuce bayan ƴan mintoci. Kada a ɗura masa ruwa ko kunu ko rubutu, don maƙogwaro na iya kasa haɗiya, abin ya wuce huhu. Ku duba lokacin da abin ya fara, ku rubuta. Ku ɗauki kwalayen maganinsa da ɗan littafin nan, ku miƙa wa lokotoro da kun isa.